Takardar da Na Ɗinke a Wuyan Ramlatu

Da sunan Allah nake farawa. Shi ya ba mu Habiba, shi ya karɓi abarsa, ba ni da ja a nan. Jan da nake da shi da mutane ne, kuma ni ma ina cikinsu.

Sunana Dije, mai ƙuli-ƙuli a Fadikpe cikin Minna. Ban taɓa zama a aji ba. Maƙwabciyata Malama Rifkatu ce ke riƙe da biro, na kuma gaya mata abin da na faɗa shi za ta sa, kada ta yi mini kwalliya. In kun ji zafi a maganar, daga bakina ya fito.

Jikoki biyu mata Allah ya ba ni ta wajen ɗana na fari. Ba na kama sunansa, Direba nake ce masa kamar kowa, don bas yake ja tsakanin Minna da Bida. Matarsa Hadiza 'yar ƙanena ce, Gwaggo take kirana. Babbar jikar, Habiba, ta rasu tana da shekara goma sha biyu. Ƙaramar, Ramlatu, tana nan da ranta, kuma ciwon yayarta yana jikinta. Saboda ita nake wannan magana, da duk yaron da ke irin tafiyarta.

An haifi Habiba shekarar da soja suka miƙa mulki. Ta zauna a kan lokaci, ta miƙe a kan lokaci, sai dai tafiyar ce ba ta taɓa daidaita ba. Sa'o'inta suka daina tangaɗi, ita ba ta daina ba. In ta taho daga ƙofar ɗaki zuwa murhu sai ka ce ƙasa ce ke zame mata. Ni ina tuyar ƙuli idona na kanta, na san wannan ba ƙiwa ba ce. Aka ce shan inna ne, alhali ba a taɓa tsallake gidanmu wajen ɗigon rigakafi ba. Asabe, uwar Hadiza, ta zo daga ƙauye ta ce iska ce, aka yi hayaƙi har yarinyar ta shaƙe. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta kawo wata saiwa a daka a shafa a gwiwa. Ita kam ko sisi ba ta karɓa ba, Allah ya saka mata, amma gwiwa ba ta da laifi.

Tana da shekara biyar sai farin idonta ya fara ja. Ba ja irin na mai kuka ba, jijiyoyi ne sirara kamar jan zare, daga gefe suna tahowa tsakiya. Mai kemis ya ce apolo ne, ya ba da maganin ɗigawa. Shekara ta zagayo, apolo. Wata shekarar, apolo. Na ce masa, “Kai yaro, wane irin apolo ne ba ya ƙaiƙayi, ba ya kwantsa, bai kama kowa a gida ba?” Ya ce, “Mama, akwai mai taurin kai.” Ya miƙo wata kwalbar.

Maganarta ma ta koma a hankali, kamar kowace kalma sai ta ɗauko ta daga ƙasan rijiya. Amma kanta garau yake. In na ƙone ƙuli sai ta ja numfashi ta ce, “Kaka, yau kuma gawayi za mu sayar?” Na ce, “Ke da ba ki iya kai kofi baki ba tare da kin yi wanka ba, ke ce za ki koya mini aiki?” Sai ta yi dariya har ta faɗi a tabarma.

Sannan tari. Duk damina sai ƙirjinta ya kama, wani lokaci sau uku kafin ruwa ya ɗauke. A nan ne laifina ya shigo, kuma na ce Rifkatu ta rubuta shi da kyau. Ni a wajena asibitin da bai ɗauki mutum hoto ba bai yi aiki ba. Haka duk matan layinmu suka ɗauka. In mace ta dawo daga asibiti tambayar farko ita ce, “An yi hoto?” In ta ce a'a, sai a ce sun raina ta. In likita ya ɗora abin nan nasa a ƙirjin Habiba ya saurara ya rubuta magani, sai in tsaya a kansa in ce, “Shi ke nan? Ba za ka duba ciki ba?” Waɗansu don su rabu da ni suke rubutawa. Waɗansu kuwa tun kafin in buɗe baki sun rubuta, don injin nasu ne. Da ta kai shekara takwas wani ya ce a kai ta Abuja a yi mata hoton kai, irin wanda ake tura mutum cikin inji kamar rami. Na sayar da tunkiyata aka je. Na dawo ina taƙama a unguwa. Duk hotunan nan ina tara su cikin manyan ambulan ɗinsu a jakar bakko, ƙarƙashin gadona, kamar wata dukiya.

Ciwon ƙarshe ya fara ne bayan ƙaramar salla. Ina yi mata tsifa na ji ƙullutu a wuyanta ƙasan kunne, kamar ƙwayar gyaɗa. Mai kemis ya ce hangum ne. Satin farko ke nan.

Sati na biyu ya zama kamar ƙwan kaza, ga zazzaɓi da yamma, ga gumi har zani ya jiƙe. Muka kai ta wani asibitin kuɗi a hanyar Bosso. Na ɗauki hoton da aka yi mata wata biyu baya na tafi da shi. Mai hoton wurin ko zare shi daga ambulan bai yi ba. Ya ce, “Ba ma aiki da hoton wani wuri.” Na ce, “Ƙirjin dai ɗaya ne.” Ya ce injinsu daban. Aka yi sabo.

Sati na uku aka ce tarin fuka ne, aka tura mu wani wurin. Can ma suka ce sai nasu. Aka ba ta ƙwayoyin da suka mai da fitsarinta ja, muka yi ta ɗura mata a kan lokaci, Hadiza ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba. Sati na huɗu, na biyar, ƙullutun sai ya haifi 'yan'uwa, ɗaya a hammata, biyu a ɗaya gefen wuyan. Yarinyar da ke cin tuwo har ta nemi ƙari ta koma kurɓar kunu biyu ta kau da kai. Muka koma, aka ce fayil ɗinta ya ɓace. Muka zauna a benci tun hantsi har azahar ana nema. Ƙarshe wani ya leƙo ta taga ya ce mu yanki sabon kati. Sabon kati, sabon likita, sabuwar tambaya tun daga fari, sabon hoto. A cikin sati shida an tsayar da ita gaban ƙarfen hoton nan mai sanyi sau uku, ni ce kuma ke riƙe ta don ba ta iya tsayuwa cak.

A sati na bakwai muka faɗa hannun wata likita ƙaramar yarinya, 'yar bautar ƙasa, Hausarta ma tsinta-tsinta. Ita ce mutum ta farko da ta ce Habiba ta tashi ta taka ta gani. Ta kalli tafiyar, ta kalli idon, ta taɓa wuyan, ta ce, “Mama, wannan ya fi ni. Ku kai shi Zariya, wajen likitan yara. Kar ku tsaya.” Ban san sunanta ba. Duk inda take Allah ya rufa mata asiri, ya ba ta 'ya'ya masu jin ƙanta.

Abokan Direba na tasha suka bar mana kujerar baya gaba ɗaya don ta kwanta. Muka tafi mu biyar, har da Ramlatu tana da shekara uku, don ba mai riƙe ta. Na ɗauki jakar bakkona. Direba ya ce, “Inna, wannan kayan fa?” Na ce su ga irin ƙoƙarin da muka yi.

Kwana biyu muna layi kafin mu shiga. Likitan dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya sauri. Ya ce Habiba ta taɓa hancinta da yatsa, yatsan ya tafi kumatu. Ya ce ta bi bironsa da ido, sai ta juya kai gaba ɗaya. Ya buɗe idon ya daɗe yana kallon jan zaren nan. Ya tambayi Direba yaya suke da matarsa, aka ce ɗan mace da 'yar namiji. Sai idonsa ya sauka kan jakata.

“Hajiya, mene ne a ciki?”

Na ce, “Ban je Makka ba tukuna. Hotunanta ne.”

Na zazzage masa a tebur da alfaharina. Ya ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana ajiyewa gefe. Goma sha tara, ban da hoton kai. Ya cire tabarau ya murza idonsa. Ni na tsufa da kallon fuskar mutane, na san ba yabo ke tafe ba.

Ya sa aka ɗebi jininta, aka yanki ɗan nama a ƙullutun. Bayan kwana tara ya kira mu. Ya tambayi Direba aikinsa, da ya ji sai ya ce, “To, kai za ka fi saurin ganewa. Kafin motarka ta bar tasha, wa ke duba taya da birki?”

Direba ya ce, “Ni, ranka ya daɗe. In na ga matsala ba na lodi.”

Ya ce, “Jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kullum suna rabuwa, ɗaya ta zama biyu. A cikin kowace akwai wani dogon zare da ke ɗauke da yadda aka tsara mutum. Zaren nan yana tsinkewa, a jikina da naka, kowace rana. Amma akwai wani sinadari da Allah ya ajiye a ciki, aikinsa tsaro. Da ya ji zare ya tsinke sai ya ce a tsaya, ba mai rabuwa sai an gyara. In gyaran ya gagara, ya sa a kashe ƙwayar. Sunansa ATM, ba na banki ba. Habiba an haife ta babu mai tsaron nan. Motarta tana fita tasha ko taya a fashe.”

Ya ce shi ya taɓa mata bayan ƙwaƙwalwa inda ke riƙe tafiya, shi ya kawo jan idon, shi ya raunana mata garkuwar jiki har tari ya maishe ta gida. Duk abin da muka yi shekara goma muna bi ɗaya-ɗaya, ashe abu ɗaya ne. Ƙullutun kuwa ciwon daji ne.

Na ce, “Hotunan fa? Na ga yadda ka kalle su.”

Ya ce, “Hasken da ke ɗaukar hoto yana ratsa jiki, yana tsinka zaren nan kaɗan. Ni da ke, kafin yamma an gyara. Ita babu mai tsayar da mota.”

Na ce, “Ni na kashe ta ke nan.”

Ya ce, “A'a, Inna. Ba zan ce miki hoto ne ya kawo dajin ba, don irin yaran nan suna samunsa ko ba a taɓa ɗaukarsu ba. Ba kuma zan ce miki bai ƙara komai ba. Ban sani ba. Abin da na sani, da yawa cikin waɗannan ba a buƙace su ba. Hoto ba magani ba ne. Akwai ranar da dole a yi shi, amma likitan da ya san ciwon ne zai auna.”

Wannan “ban sani ba” ɗin ita ce maganar gaskiya ta farko da na ji daga bakin mai farar riga, kuma ita ce ke hana ni sukuni har yau. Mutum nawa suka ga yarinyar nan tana tangaɗi ta shigo ofishinsu da jan ido? Ba wanda ya haɗa biyu. Ni jahila ce, na yarda. Su da suka yi karatun fa? In tsohuwa ta tsaya a kanka tana neman abin da ba shi da amfani, ba sai ka ce mata a'a ka gaya mata dalili ba? Na san ina da baki, amma ba na cizo.

Muna cikin haka Ramlatu ta sauka daga cinyar uwarta ta nufi ƙofa. Likitan ya bi ta da kallo. Ni ma na bi ta. Na daɗe da ganin tafiyar, na dai hana kaina faɗa ne. Ya ce, “A ɗebi jinin wannan ma.” Hadiza ta sa mayafi a baki.

Ya ce abin daga uwa da uba yake haɗuwa, kowannensu yana ɗauke da rabi bai sani ba. Da labari ya kai gida sai dangin mijina marigayi suka fara cewa jinin gidan su Hadiza ne. Na aika musu cewa gidan su Hadiza gidan ubana ne, Direba kuma ni na haife shi, ta ko'ina aka bi ni za a tarar. Duk mai magana ya zo ya same ni. Ba wanda ya zo.

Jinyar Zariya sati goma sha ɗaya muka yi. Likita ya ce irin wannan dajin a wasu akan yi gashi da inji, amma Habiba ko kusa, gashi zai ƙone ta fiye da ciwon. Maganin da ake sawa a ruwa ma ragi zai yi mata, don jikinta ba ya gyara ɓarna. Asabe da ta zo dubiya ta ji haka sai ta ja ni gefe ta ce, “Yaya, don ya ga mu talakawa ne yake mana rabin magani. Ɗan gadon can cikakke ake ba shi.” Wani mai jinya kuma ya ce ya san inda za a yi mana gashin ba tambaya. Na ce da su duka biyun, shekara goma ina bin shawarar bakin benci, ga inda ta kawo ni.

Sati biyun farko ƙullutun ya sace har muka fara murna. Sati na huɗu gashinta ya zube a hannuna ina shafa mata mai. Ta ce, “Kaka, kin huta da tsifa.” Bakinta ya yi gyambo, sai da cokalin shayi nake ba ta kunu. Akwai wata nas Banufiya mai ƙiba, in ta zo neman jijiya sai ta yi ta yi mata waƙar garinsu har ta samu, ba ta taɓa soka sau biyu ba. Akwai kuma wadda in ka kira ta ruwa ya ƙare sai ta ce ba ita ke da gadon ba. Duka biyun na gan su, Allah ma ya gan su. Direba yana zuwa duk Juma'a ya koma, don in mota ta tsaya magani ya tsaya. Rifkatu ce ta riƙe mana gida, har ƙulina ta karɓa tana kai wa masu shago a Gidan Kwano don kada in rasa masu saye. Ta ce kada ta rubuta wannan, na ce ta rubuta.

Sati na tara tarin ya dawo, wannan karon da ƙarfinsa. Likita ya saurari ƙirjin da kunnensa, ya canza allura sau biyu. Ranar Talata bayan la'asar tana jingine a jikina ta ce, a hankali irin nata, “Kaka, Ramlatu ma za ta riƙa faɗuwa?” Na ce, “Ina nan, zan riƙe ta.” Ta ce, “Kar ki riƙe ta a wajen ƙarfen nan. Sanyi gare shi.” Ba ta kai magariba ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta cece mu.

Kafin mu taho likitan ya ba ni takarda da hatiminsa. Ya ce jinin Ramlatu ya nuna. Ya ce maganin warkewa babu, amma a tare tari da wuri, a ciyar da ita da kyau, a kawo ta yana dubawa, kuma duk asibitin da aka je a nuna wannan kafin kowa ya rubuta hoto.

To, ni na ga yadda takarda ke ɓacewa. Fayil guda ya ɓace a hannun masu ilimi, balle falle ɗaya a gidan da ake tuya da mai. A wajenmu kuwa rubutun da ke tsare yaro wuri ɗaya ake sa shi. Na naɗe ta ƙanana, na kai wa baduku a kasuwa, ya ɗinke ta cikin jar fata kamar laya, na rataya wa Ramlatu a wuya. Na ce yanzu duk inda ta je takardarta na tare da ita, ruwa ba zai ci ba, ɓera ba zai ci ba. Direba da Hadiza sun san abin da ke ciki. Ban ga dalilin yi wa duniya shela ba.

Bayan arba'in da 'yan kwanaki Ramlatu ta tashi da tari. Hadiza na kwance, tun rasuwar ba ta da ƙarfi, jiri ke ɗibarta. Direba yana hanya. Ni na fita sayen gyaɗa tun da safe, da niyyar in na dawo in kai ta da kaina. Asabe tana gidan, ba ta koma ƙauye ba tun zaman makoki. Ta ji tarin, ta ga 'yarta na barci, ta saɓi jikarta ta fita. Don ƙauna ta yi, ban ce ba.

Na sauko daga keke da buhuna sai Rifkatu ta tare ni a bakin layi. Ta ce, “Mama, na ga Baba Asabe ta goya Ramlatu, ta ce za ta asibitin nan na hanyar Bosso, wai a duba mata ciki tun da wuri.”

A duba ciki. Maganata ce, a bakina ta koya.

Na bar buhun a ƙasa na koma cikin keken. Ban san me na ce wa mai keken ba, amma bai tsaya ɗaukar kowa ba. Na san ginin, na san ɗakin, ƙarshen baranda hannun hagu. Mai gadi ya ce, “Mama, kati fa?” Na wuce shi. Na tura ƙofar.

Ramlatu na tsaye a kan ɗan akwati, ba riga, ƙirjinta a jikin ƙarfen. Asabe na riƙe da kafaɗarta da hannu ɗaya. A ɗaya hannun kuwa layar ce, igiyar na lilo. Mai hoton ne ya ce a cire, wai tana ɓata hoto.

Na ce, “Sauke ta.”

Mutumin ya leƙo daga bayan injinsa. Shi ne dai na wancan karon. Ya ce, “Mama, fita waje, minti ɗaya ne. Likita ya rubuta.”

Na ce, “Wani likitan ma ya rubuta.”

Na sungumi yarinyar na saɓa a kafaɗa, na fizge layar daga hannun Asabe. Ta ce, “Yaya, lafiya? Laya ce fa, in an gama sai a mayar.” Na kwance bakin zanina inda nake ɗaure reza, na kama fatar da haƙori na tsarge ɗinkin. Garin sauri har na yanki yatsa. Asabe na salati, ta ɗauka na taɓu, wa ke farke laya? Na warware takardar, gefenta da jinina, na miƙa masa.

“Ni ban iya ba. Kai ka iya. Karanta.”

Ya karɓa da yatsa biyu yana yatsina. Ya karanta. Ya sake karantawa. Sai ya miƙa hannu ya kashe wani abu a jikin injin, ƙugin ya tsaya. Ya ce, “Mama, ai ba wanda ya gaya mini.”

Na ce, “Ka tambaya? Yayarta ma nan ka tsayar da ita, ni na riƙe maka. Ka ga yadda take tafiya, ka tambaya?”

Ya ce mu biyo shi. Ya kai takardar wajen likitansu, muna biye. Wannan ya karanta, ya kalli Ramlatu, ya jawo abin sauraronsa ya ɗora mata gaba da baya, ya daɗe. Ya ce ƙirjin bai cika ba, ya rubuta maganin sha, ya ce in zazzaɓi ya tashi ko numfashi ya yi sauri mu wuce Zariya kai tsaye. Ashe kunnen nasa na aiki. Kwana shida tarin ya tafi.

A keke muna dawowa Asabe ta yi ta kuka tana cewa ba ta sani ba. Na buɗe baki zan wanke ta, sai na tuna wa ya kai takardar wajen baduku. Likita ya ce a nuna, ni na ɗinke. Na ce, “Share hawayenki. Ni na rufe maganar da aka ce in buɗe.”

Yanzu Rifkatu ta kai takardar an buga guda shida, an manne kowace cikin roba mai haske. Ɗaya na wuyan Ramlatu, rubutun a waje, kowa na gani. Ɗaya na motar Direba, ɗaya na ƙauye wajen Asabe, ɗaya a ɗaure a zanina. Na bi gidajen layinmu ɗaya-ɗaya na faɗa da bakina, har waɗanda ba ma gaisawa sosai.

Ku da za a karanta muku wannan, in yaronku ya wuce shekarun tangaɗi bai daina ba, in farin idonsa ya yi jan zare ba ciwo, in tari ya ƙi barinsa, kada ku bi su ɗaya-ɗaya kamar yadda muka yi. Ku kai shi wajen likitan yara babba ku faɗi ukun a zama ɗaya. Kada ku tsaya kan likita kuna neman hoto don a ce an yi muku aiki. Ku kuma masu farar riga, ku ce yaro ya taka ku gani. Ba a biyan kuɗin wannan, shi ya sa kuke mantawa?

Ramlatu ta shiga shekara ta biyar. Tana faɗuwa, ina riƙe ta. Na san abin da ke gabanmu, ba wanda ya ɓoye mini. Amma ni tsohuwa ce, ba kullum zan dawo daga kasuwa a kan lokaci ba, roba kuma tana iya tsinkewa. Don haka na koya mata da bakinta. Watan jiya muka koma Zariya, wata sabuwar nas ta zo za ta auna ta, ta ce, “'Yan mata, cire riga.” Ramlatu ta riƙe wuyan rigar da hannu biyu, ta ɗauko maganar ɗaya-ɗaya irin na yayarta, ta ce, “Ni ba a yi mini hoto. Karanta.”